Dogo Ya Fi Kowa Maki

Laraba, da hantsi

Sista ta ce in daina yi wa masu jinya surutu a baranda, wai wata mata ta kusa ɓalle ɗinkinta don dariya. Ta ce in nemi abin yi. To na nema. Littafin nan a jakar Dogo na same shi, irin wanda ɗalibansa ke rubutu a ciki, sabo fil. Rubutuna kuwa sai haƙuri. A aji huɗu muka rabu ni da boko, kuma a cikinmu babu wanda ya yi kuka.

Dogo ɗana ne na fari, malamin lissafi a sakandare. Ni mai aski ne, gajere, ban san inda ya samo tsayin ba. Yanzu haka yana kwance a gadon bakin taga, ƙafafunsa sun leƙo ta ƙarshen gado, ƙirjinsa duk wayoyi kamar bayan talabijin. Lafiya lau yake. Jiya ce dai ba ta yi kyau ba, kuma jiya ta wuce.

Abin da Likita ta ce, gwargwadon abin da kaina ya ɗauka: gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Sun bi ta wuyan hannunsa da wata siririyar waya sun buɗa hanya. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar sifirin ɗin cikin biro da ake sawa ya tokare jijiyar, shi ba su sa ba tukuna, sai wani mako. Ban tambayi dalili ba. Likitar 'yar ƙarama ce mai tabarau, tana magana tana tafiya, in kana son ƙarshen zancen sai ka bi ta.

Laraba, da yamma

Yau kaina ya fi ƙarfin hulata.

Da suka zo zagaye, Likita ta tsaya gaban kwamfuta da ɗalibanta, tana nuna musu sakamakon jinin da aka ɗibar wa Dogo jiya da muka iso. Turanci suke zubawa, ni kuwa na kafa kunne ta ƙarƙashin hammatar wani. Kalma ɗaya na cafke, don ta yi ta nanata ta: maka, maka. Na ce a raina maki ke nan, bakin 'yan boko ne ya lanƙwasa shi. Na leƙa allon, ga lamba da ja, ga kibiya tana kallon sama.

Na tare Sista na ce, "'Yar nan, makin yaron nan ya yi sama ne?"

Ta ce, "Sosai, Baba. Duk ɗakin nan babu wanda ya kai shi." Ta wuce da tirenta.

Duk ɗakin nan. Ɗakin da har da wani tsohon alƙali a ciki.

Na je na faɗa wa Dogo. Na ce, "Kai ko a kwance sai ka zo na ɗaya?" Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ce, "Haka ne, Baba." Matarsa ta miƙe wai za ta ɗebo ruwa, ga kuwa gora cike a gabanta.

Na fita na buga wa Gwamnati waya. Gwamnati ita ce uwar Dogo. Ni na sa mata sunan, don ita ke yanke hukunci, ni kuma in tafi shago in yi ƙorafi. Gwiwa ta hana ta hawa bene, ga hawan jini, shi ya sa muka bar ta a gida. Na ce, "Kwantar da hankalinki, ɗanki ya ci gwajin jini, ya fi kowa maki." Ta ce, "To madalla." Daga nan na kira Tela, maƙwabcin shagona, na ce ya sanar da layi.

Kuma in gaskiya za a bi, jinina ne. A sana'armu jini iri biyu ne, mai kunya da marar kunya. Marar kunya, ka ɗan ƙwarzane mutum da reza, sai ya yi ta zuba har ya ɓata maka tawul ya ɓata maka suna. Mai kunya kuwa ɗigo ɗaya ya daskare, ko mai kan bai sani ba. Tun Dogo yana rarrafe na san nasa mai kunya ne. Na sha faɗa wa kwastomomi. Yau ga na'ura ta shaida.

Alhamis, da safe

Tela ya yi waya. Ya ce ya share gilasan madubin shagona, ya ɗaga kujerar da Dogo ya faɗo daga kanta ranar Talata, ko ya nemo mai madubi? Na ce ya bari tukuna. Ya ce takalmin Dogo ƙafa ɗaya na ƙarƙashin benci. Na ce ya kawo.

Alhamis, da la'asar

Dogo ya ce zaman ya ishe shi.

"Baba, ciwo ya tafi. Zaman me nake yi? Yarana na ajin ƙarshe sun kusa shiga jarrabawa, ban gama da su ba. Rabinsu in ba ni ba babu mai zama da su."

Na ce, "Ƙarfen fa?"

"In lokacinsa ya yi sai in dawo da ƙafata a sa. Ai ka ga makina."

Na ce wannan gaskiya ne.

Matarsa ta ce, "Baba, don Allah ka ce masa," sai Dogo ya kira sunanta sau ɗaya, a hankali, ta haɗiye sauran. Na ce, "'Yata, ke ba ki san asibiti ba. In suka samu mai kyau ba sa son saki, da shi suke yi wa ɗalibai kwatance. Bar ni da Likita, gobe zan karɓo miki mijinki."

Ta fita. Na iske ta daga baya a ƙarshen baranda ta kifa goshi a bango. Gajiya ce. Tun Talata ba ta runtsa ba.

Juma'a, da hantsi

Na shiga ofishin Likita da takalman Dogo a leda. Na ce, "Ranki ya daɗe, na zo karɓar ɗan na ɗaya."

Ba ta gane ba, na yi mata bayani, har da zancen jini mai kunya. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta nuna min kujera.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Aski."

"In ka shiga shagon wani da yamma, babu kowa a kujera, ta yaya za ka san ya yi aiki ranar?"

"Sai in dubi ƙasa mana, in ga yawan gashi."

"To lambar nan gashin ƙasa ce. Duk inda gudan jini yake, jiki na ta gutsurarsa, ɓurɓushin na yawo cikin jini. Shi muke aunawa, da wasu alamu 'yan uwansa. Kalmar da ka ji ba maki ba ce, alama ke nan da Turanci. Da na ga lambar ɗanka na san gudan da ke ciki ba ƙarami ba ne, kuma abin da na tarar har ya fi. Da ƙyar na buɗa 'yar hanya ta gefensa. Da na sa ƙarfen ranar, zai matse gudan ya farfashe, gutsattsarin su bi jini su toshe ƙananan hanyoyin da wayata ba ta kai gare su. Shi ya sa muke narkar da shi a hankali da maganin da ke cikin ruwan hannunsa. In ya cire ruwan nan ya fita, 'yar hanyar nan za ta iya rufewa a kan titi, ko a gaban allo."

Na ce, "Wato a nan mai ƙaramin maki shi ya ci?"

"Shi ya ci."

"Ashe da a nan na yi makaranta da yanzu ni ne shugaban asibitin."

Ta ɗan yi dariya, ni ma na yi. Sai ta ce, "Baba, kada ka miƙe tukuna," ta miƙo min ruwa. Ban san me ta gani ba.

Ni da na shekara huɗu malamai na wanke min littafi da jan biro, a ce na ga ja ban gane ba.

Juma'a, da yamma

Takalman na ba mai gadi ajiya. Ban ji yunwa ba yau. Ba wani abu.

Asabar, da rana

Na jira matarsa ta tafi wanko kaya, na ja kujera.

"Kai malamin lissafi ne. Ka san abin da kibiyar nan ke nufi?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Ka bar ni na buga wa rabin gari waya. Tela har mai nama ya faɗa wa."

"Tun Talata ban ga haƙorinka ba sai ranar. Na ce bari ka ɗan yi."

"Ka kuma ce bari in ɗauko maka takalmi."

Ya tsura wa ledar ruwan ido. Can ya ce likitoci kullum mafi munin abin da zai iya faruwa suke faɗa, aikinsu ke nan. Ya ce shi ya san jikinsa. Ya ce Litinin zai sa hannu ya fita, doka ta ba shi dama, in babu takalmi da silifas ɗin asibiti zai tafi. Ya ce akwai wata yarinya a ajin da ta iya lissafi fiye da shi amma tsoro ke kayar da ita, akwai wani da sai an zauna kusa da shi yake ganewa.

Na ce, "Yaran nan in sun faɗi akwai baɗi."

Ɗaya rabin maganar ban faɗa ba. Shi ma bai tambaya ba.

Taurin kan nan daga wajen Gwamnati ne. Ni nawa kan laushi gare shi, kowa ya shaida a makon nan.

Lahadi, da hantsi

Yau na yi aikin da in an kafa tarihin masu aski sai an sa ni a shafin farko.

Dogo ɗan gayu ne, mutum ne da ke goge hankici da dutsen guga. Kansa ya yi buzu-buzu, don askin da ya zo yi ranar Talata ai ba a yi ba. Na ce, "Malami zai shiga aji da wannan kan? Kawo in gyara maka kafin gobe." Ya ji daɗi, ya zaci na sauko.

Na nemi izinin Sista. Ta ce reza ko kusa, jininsa ya tsinke da magani, in ya fara zuba ba zai tsaya ba. Na ce inji kaɗai. Na ɗaura masa tawul, na kauce wa wayoyin, na fara daga dama. Na sauke rabin kai tas, daga goshi har ƙeya. Na bi gemun dama. Na ɗauke rabin gashin baki. Sannan na kashe inji na jefa aljihu.

"Caji ya ƙare, Baba?"

"A'a, ni na ƙare. Ragowar sai an sa ƙarfe."

Na miƙa masa madubi. Tsohon alƙalin da ke gadon kusa ya yi dariya har na'urarsa ta fara kuka, Sista ta shigo da gudu, ta ga Dogo, ta juya ta fita da hannu a baki.

"Zan sa hula."

"Hula ba ta kai gemu."

"Akwai masu aski a bakin asibiti."

"Akwai. Amma sai ka ratsa ɗakin jira, kuma ɗazu na ga iyayen ɗalibanka a ciki."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce shi ba yaro ba ne. Ya ce na mai da shi abin wasa, ni komai wasa ne a wajena. Na ce haka ne. Ina ninke tawul ina cewa haka ne.

Can ya ce, "Baba, da kake yi hannunka na rawa."

"Injin ne, ya tsufa."

"Sabo ne. Ni na saya maka."

Na ce to kamfanin ne ba su iya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kwanta ya juya wajen taga, gefen da aka aske yana sama.

Litinin, da rana

Bai sa hannu ba. Na ci shinkafa na nemi ƙari.

Litinin, da yamma

Na je gida don in warware wa Gwamnati zancen maki. Tun a mota nake shirya yadda zan fara. Na zauna a bakin gado na yi gyaran murya.

Ta ce, "Malam, yaushe aka taɓa jona wa mutum wayoyi a ƙirji don ya ci jarrabawa?"

"Wato kin sani?"

"Yarinyar nan kullum sai ta kira ni."

"To me ya sa kika ce min madalla?"

"Ana gaya wa mutum ba shi da kai a waya ne? Sai ya zo gida."

Ashe duk dangi ni kaɗai ne na ci jarrabawar nan. Ta ce gobe da ita za a tafi, bene kuma ya ji da kansa.

Talata, da safe

Ta hau. Hannu ɗaya a ƙarfen bene, ɗaya a wuyana, har yanzu wuyan bai dawo daidai ba. Ta tsaya a kan Dogo tana haki.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Mijinki."

"Ya kyauta. Da ni ce har da gira."

Ta zauna ta riƙe babban yatsan ƙafarsa, wanda ya leƙo ta ƙarshen gado. Ba ta sake ba har aka kawo abinci.

Yau ne za a sake leƙa jijiyar.

Talata, da la'asar

Ba a leƙa ba. Haɓo ne. Ya fara kamar wasa, ya ƙi tsayawa. Jinin da na shekara da shekaru ina yabon kunyarsa. Tawul ɗina na aski da shi aka fara tarewa, na bar musu shi.

Likita ta zo ta tusa masa wani abu a hanci, ta rage maganin. Ta ce in maganin ya yi yawa jini ya zuba, in ya yi kaɗan gudan ya ƙaru, tsakiya take nema. An ɗaga leƙawar. Na ce, "Likita, in tsaga tsakiya ne ni gwani ne, dubi kansa." Ba wanda ya yi dariya. Lokacin ne bai dace ba, zancen kansa mai kyau ne.

Laraba, da safe

Lafiya lau.

Laraba, da yamma

Lafiya lau. Ba wani abu.

Alhamis, da safe

An shimfiɗa sabon zani a gadon alƙali. Tabaransa ya kwana kan durowa, sannan wata ta zo ta ɗauka. Ni da Dogo mun yi hirar ƙwallo.

Juma'a, da hantsi

Ɗana ya faɗi, alhamdu lillahi.

An sake ɗibar jini, lambar ta sauko. Har yanzu ja ce, amma ta zubar da fiye da rabi. Wannan karon sai da na sa Sista ta maimaita, na kuma tambaye ta, "Ƙasan nan ƙasan alheri ne?" Ta ce na alheri ne. Na sa matar Dogo ta duba da idonta. Sannan na zaga ɗaki gado-gado ina ba mutane hannu, ina ce musu yarona ya lalace, ya koma kujerar baya wajen ubansa.

Likita ta ce kada in yi saurin rawa. Lamba labari take kawowa, ba ta ga gudan da ido ba, sai an leƙa ranar Litinin. Na ce rawar ƙarama ce, ta gwaji.

Na kira Tela na ce ya sanar da layi cewa makin ya zube. Ya ce, "Ayya, Allah ya kyauta." Na ce murna zai yi. Ya ce shi kam ya daina gane asibitin nan.

Asabar, da rana

Dogo ya samo dabara. Yana koyar da yaransa ta waya, murya kaɗai, don fuskar ba ta nunuwa. Matarsa ke riƙe masa littafi, shi yana bayani a hankali kada ya dami maƙwabta. Na saurara. Wai a nemo wani abu da ba a sani ba. Na ce in ba a san shi ba ta yaya za a gane shi in an gamu? Ya ce da na yi wannan tambayar a aji huɗu da ba a kore ni ba. Na ce ba korata aka yi ba, sallama ce ta mutunci.

Gefen dama ya fara tsirowa. Na sake bi da inji. Har karkato min kai ya yi.

Lahadi, da yamma

Gobe.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta shi a jere, don hannuna na son ya fara daga ƙarshe.

Sun tura shi da safe. A bakin ƙofa ya ce, "Baba, injin na da caji?" Na ce cike yake. Ƙofa ta rufe.

Muka zauna a benci, ni a tsakiya, Gwamnati a dama, matar Dogo a hagu. Akwai wata fanka a sama mai ƙara kamar ana taunar ƙashi. Gwamnati ta zungure ni ta ce, "Malam, yi wata magana mana, ko ta banza ce." Na buɗe baki, babu komai a ciki. Tun da ta san ni ba ta taɓa roƙona surutu ba, ranar da ta roƙa kuma kanti ya rufe.

Ƙofa ta buɗe, Likita ta fito. Na miƙe don in bi ta kamar kullum, sai ta tsaya. Ban taɓa ganin ta tsaye wuri ɗaya ba. Na koma na zauna.

Ta ce, "Ya narke. Saura ɗan kaɗan da ba zai hana komai ba. Mun sa ƙarfen, jini na wucewa."

Matar Dogo ta zame ƙasa ta rufe fuska. Gwamnati tana ta hamdala, tana dukan cinyata maimakon tata. Ni kuwa na ce, "Likita, wucewar nan ta alheri ce?" Ta ce ta alheri ce, Baba, zo ka gani.

Ta nuna min hoto biyu a kwamfuta. Na ranar Talatar da muka iso, kamar bishiyar da aka sare wa babban reshe, ya zo ya tsaya cak, sai wani zare a gefe. Na yau kuwa reshen ya miƙe ya yi 'ya'ya har ƙasan allo. Na ce ta bar min na yau in ƙara kallo. Na farkon na ce ta rufe.

Ta ce da ya fita makon jiya, ba ta san wane hoto za ta nuna min ba. Ta ce wa ya hana shi? Na ce wani ƙwararre ne aka ɗauko daga waje.

Talata, da hantsi

Na ƙarasa askin. Gefe da gefe sun haɗu, babu mai cewa an taɓa rabuwa. Masu jinya har daga wani ɗaki suka zo kallo. Wani ya ce in yi wa babansa ma, wai shi ma yana barazanar guduwa. Na ce rabi ko cikakke?

Alhamis, da yamma

Mun dawo gida. Likita ta ba shi ƙwayoyin da ta ce ko ranar ɗaya kada ya tsallake, ta hana ɗaukar kaya mai nauyi, ta hana reza, ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa kullum yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ta ce wani ɓangare na zuciyar ya ji jiki kuma ba zai dawo kamar da ba, amma sauran ya isa aiki in an lallaɓa shi. Na ce haka kaina yake, kuma da shi na aurar da 'ya'ya.

Na karɓo takalman wajen mai gadi. Ya ce har ya fara sa rai sun zama nasa.

Litinin, da dare

Na buɗe shago. An sa sabon madubi. Kujerar bakin ƙofa na mai da ita lungu na ɗora tawul a kai. Wanda ya tambaya na ce ƙafarta ce ta karkace.

Yaran Dogo yau suka shiga jarrabawar lissafi. Ya yini yana duba waya. Yarinyar nan mai tsoro ta kira da yamma ta ce ta amsa duka. Shi kuma mai son a zauna kusa da shi ya ce ya amsa sunansa daidai.

Asabar, da sanyin safiya

Kwanakin nan da matarsa yake fita tafiyar. Jiya ya ce yau shi kaɗai zai je, har gadar da ke bayan tashar mota, kada wanda ya bi shi. Na ce wa zai bi ka, mutane ba su da aikin yi ne?

Na bar shi ya sha kwana, na fito. Na bi bayan motocin da aka ajiye, na laɓe a rumfar mai shayi, na laɓe bayan wata mata mai faɗi. Amfanin gajarta ke nan. Ina ganin komai na tafiya daidai, sai na sha kwanar kantin magani na ci karo da cikinsa.

"Baba, mai jarida ya ce wani gajere na bina tun daga gida. Ya ce ko ya kira 'yan sanda."

"Iska na fito sha."

"Da silifas ɗin banɗaki?"

Na duba ƙafata. Gaskiyarsa.

Ya ce to in zo gefensa, in daina tsorata mutane. Muka jera. Hanyar gada hawa ce, ban taɓa lura ba don kullum a mota nake wuce ta. Taku ɗayansa nawa biyu da ɗori. Ina satar kallon fuskarsa, ina sauraron numfashinsa, amma wani numfashi mai ƙarar zarto ya hana ni ji. Sai daga baya na gane nawa ne.

Na ce, "Dogo, mu ɗan tsaya, saboda kai."

"Ni ban gaji ba, Baba. Zauna nan ka jira ni."

Akwai wani bulo a bakin hanya, na zauna. Ya ci gaba. Kansa ya fi na kowa tsayi a titin, ina ganin sa yana hawa tsakanin masu tafiya aiki, har ya kai gada, ya gangara ta can, ya ɓace.

Ban bi shi ba. Na riƙe bulon nan da hannu biyu.

Ya daɗe. Ko bai daɗe ba, ni dai ba agogo gare ni ba. Motoci suka wuce, wani kare ya zo ya shinshine silifas ɗina ya tafi abinsa. Sai ga kan ya ɓullo, sai kafaɗu, yana tafe yana ɓare lemo. Ya iso ya tsaya a kaina, ko haki babu.

"Baba, za ka iya tashi, ko in goya ka?"

"Likita ta hana ka ɗaukar kaya mai nauyi."

"Ai shi ya sa na ce kai."

Da ƙafata na dawo. Yana gaba ina baya, ina roƙonsa ya rage sauri.